Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Tun ina budurwa na gama tsara yadda zan fara zuwa Birnin Kebbi da mijina: mota mai sanyi, shi cikin shadda yana ƙamshi, yana satar kallona ta madubi, kamar yadda ake yi a littattafan soyayyar da nake saye a kasuwar Argungu. Da ranar ta zo, motar haya muka shiga, buhunan albasa a baya, Inna uwar mijina ta zauna daram tsakaninmu da ɗanmu a cinyarta.

Yaron shekararsa shida, shi ne ɗan farinmu. Malamin ajinsu ya ce ana magana ba ya juyowa, ya ba mu takarda mu kai shi asibitin Birnin Kebbi a auna shi, a ga irin taimakon da yake bukata. Ya ce in ba a gano komai ba, haka zai ci gaba da zama a bayan aji ana ce masa daƙiƙi.

Ni kuwa tun da aka raɗa masa suna ban taɓa faɗinsa ba. Ɗan fari ne. "Kai" nake ce masa, ko "wanga yaro", a gaban mutane kuma sai in yi kamar ban san da shi ba. Amma duk abin da ya yi ina rubutawa a ɓoye a cikin bangon littattafaina, can ƙasan hoton masoya.

Aka shigar da mu wani ofis mai fanka. Wata malama mai tabarau ta jawo takarda, ta dube ni.

"Maman yaro, yaya sunansa?"

Na dubi ƙasa. Ta dubi maigida, shi kuma ya shiga nazarin fanka. Inna ce ta faɗi sunan, har da na kakansa.

"Yaushe ya fara magana?"

"Ban kula ba," na ce, alhali na san ranar, na san rigar da ke jikinsa.

Inna ta gyara zama. "Ni za ki tambaya, ɗiyata. Wanga tun shina wata tara shika magana."

"Yana ji sosai?"

"Ras! Miskilanci ne, kakanai ya gado. Shi ma sai an kira shi sau ukku."

"Ya taɓa ciwon kunne, ko zazzaɓi mai zafi?"

"Jikana? Ko mura ba ta kama shi."

Biron malamar yana ta tafiya. Ina kallo ana rubuta wani yaro daban, jarumi irin na littafi, wanda ba shi da abin da za a taimaka masa da shi. Nawa kuwa yana zaune kan tabarma yana jera murafen kwalba, bai san ana yi ba. Malamar ta ce in dai haka ne, ƙila kunyar aji ce kawai, mu koma gida mu dawo bayan shekara.

Shekara guda a bayan aji! A littattafaina, nan ne jaruma take miƙewa hawaye na zuba kamar lu'ulu'u. Ni gumi ne ya zubo mini. Na buɗe jaka na ciro littafin da na taho da shi don hanya, na buɗe bangon, na tura mata.

Ta dubi hoton masoyan, ta dube ni ta saman tabarau.

"Ba nan ba, Malama. Ciki."

Ta karanta a fili. Zazzaɓin da ya yi lokacin girbin shinkafa yana shekara biyu. Ruwan da kunnensa na hagu ya yi ta fitarwa. Ranar da kwano ya faɗi a bayansa kaji suka watse, shi bai motsa ba.

Inna ta riƙe haɓa. "Mi nika ji haka? Ashe kallonai kika yi duk shekarun ga?"

Sai maigida ya yi gyaran murya, idonsa na kan fanka. "In mun shiga jirgi kamun kifi, ta wajen kunnenai na dama nika zama. In ba ta nan ba, ba ya jin maganata."

Na juya na kalle shi. Shekara bakwai ina jiran mutumin nan ya faɗa mini kalma mai daɗi irin ta littafi, ashe wannan ce. Kowannenmu ya sani, kowa ya ɓoye wa ɗan'uwansa.

Malamar ta yage takardar farko. Ta ce in tsaya bayan yaron ta hagu in kira shi.

"Kai!" na ce.

"Kai sunan kowa ne. Sunansa nake so."

Inna ta miƙe tana gyara mayafi. "Bari in nemo ruwa. Abin da ban ji ba, ba a yi shi ba."

Tana fita na kira. Sunan ya fito a karkace, kamar baƙo a bakina. Yaron bai motsa ba. Na koma dama, na sake kira. Ya waiwayo, ya dube ni da mamaki, ya leƙa bayana ko akwai wata, sannan ya fashe da dariya.

Ranar aka sa masa na'ura aka auna kunnuwan. Na hagu ya yi rauni ƙwarai, na dama da sauƙi. Aka rubuta wa makaranta cewa a zaunar da shi a gaba, malami ya riƙa fuskantarsa in zai yi magana, aka kuma sa mana ranar komawa don abin sawa a kunne.

A motar komawa Inna ta sake zama tsakaninmu, tana ba duk fasinjoji labarin cewa ita ta fara lura.

Yanzu yana layin gaba, kuma ya fi kowa surutu. A tsakar gida har yau "kai" nake ce masa. Sai in ina gyara masa wuyan riga da safe, ba kowa kusa, in sunkuya ta dama in raɗa masa sunansa.