Karfasar da Ke Cikin Kwatanniya

Mu huɗu ne a tsakar gida ran nan: ni, da uwar mijina wadda idonta ya riga ya tafi, da yayarsa da ta sauka wurinmu kwana shida kafin nan, sai 'yata mai shekara huɗu tana kwance kan tabarma, ciki a kumbure, ƙafafu kamar sillen kara. Maigida ba ya nan. Wata biyu ke nan da ya kora jakinmu na ƙarshe ya yi kudu neman hatsi, ko labarinsa babu. Shekarar babbar yunwa ce, Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasar Gumel ba.

Ta biyar ɗinmu kifi ce.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, tudu ne, rairayi zalla, rijiyarmu sai an ƙulla igiya uku guga ke taɓa ruwa. Kifi busasshe muka sani. Maigida kanwa yake kaiwa bakin kogi, wata tafiya sai ga shi da tulu a kan jaki, da karfasa huɗu masu rai a ciki. Gari ya yi ta dariya, wai ya auro 'yan ruwa. Shi kuwa da nufinsa. Kududdufin bayan gari kan riƙe ruwa wata bakwai. Ya ce in ya sami iri zai zuba da damina, in ruwa ya ja baya ya kwashi kaɗan ya ajiye a gida, har ƙauyen ya san ɗanyen kifi.

Ya binne kwatanniya rabi a gindin rumfa, ya zuba yashi a ƙasanta, ya rufe da faifai saboda kyanwa. Biyu suka mutu, saura mace da namiji. Ranar tafiyarsa ya ce mini, "Duk abin da ke gidan nan ku ci, har tabarmar fata. Waɗannan biyun amana ce. In sun ƙare, ba ni da jakin komawa kogi."

Na riƙe. Nakan fasa suri in kawo musu gara. Kwana biyu-biyu nakan rage musu ƙwarya guda daga ruwan shanmu. Namijin ya yi duhu, ya haƙa gurbi a yashi da bakinsa, suka yi ta kewaya shi. Bayan kwanaki na tarar ya yi tsalle ya faɗo waje, tururuwa sun rufe shi. Na wanke, muka dafa.

Macen kuma sai ta daina ci. In na jefa gara sai ta juya baya. Maƙogwaronta ya kumbura, ta maƙale gefe guda tana motsa baki kamar mai tauna goro. Kwana goma sha ɗaya haka. Na ce ciwo ne, ita ma tafiya za ta yi.

A cikin kwanakin nan Yaya ta iso. A bakin kogi ta yi aure, mijin ya rasu, ta biyo ayari da goyon namiji. Ta shigo mana baya wayam. A kasuwar Maigatari ta miƙa shi ga wata Buzuwa mai raƙuma da nono, ta juyo. Ni 'ya'ya biyu na binne a shekarar, ban miƙa wa kowa ko ɗaya ba. Saboda haka ban gaishe ta ba. Nakan dire mata hanza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da yunwa ta sa muke ci, a gabanta in wuce.

To, da hantsin ran nan na ɗaga faifai, sai na ga ruwa yana motsi. Wasu abubuwa ne kamar ƙwayar gero, kowanne da ido biyu da ɗan wutsiya, sun fi a ƙirga.

Na ce, "Inna, ta haihu!"

Tsohuwa ta ce, "Wa? Wa ya rage da ƙarfin haihuwa a garin nan?"

Na sunkuya in gani da kyau. Inuwata na faɗawa kan ruwan, sai uwar ta wage baki. Kafin in ƙifta ido duk sun shige. Ta rufe, ta koma gefe tana taunar nan tata.

Kwana goma sha ɗaya ina kai mata abinci tana ƙi, ashe 'ya'yanta take jira ta cinye.

Na ce, "Ta cinye su. Bana har kifi ya koyi halin mutane."

Yaya tana zaune jikin rumbu, rumbun da ko ɓera ya bar shi. Ta ce, "Ba ci ta yi ba. Ɓoye su take. Ki ja da baya, ki ba ta lokaci, za ta fito da su."

"Da idona na gani."

"Shekara tara ina gyaran karfasa. A baki take goyo. Don Allah kar ki taɓa ta."

Na juyo na dube ta sama da ƙasa. Na ce, "Yaya, ke ce za ki koya mini yadda uwa ke riƙe ɗa?"

Tsohuwa ta ce, "Kai, 'yar nan! Bakinki."

Yaya ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

Na yi lissafina. Namiji babu, 'ya'ya sun tafi ciki, amana ta riga ta lalace. Ga yarinya rabonta da abin kirki tun kaka. Na tsoma hannu biyu na damƙo kifin. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kwantar da ita kan dutsen niƙa na sa wuƙa.

Wuƙar na shiga, bakin ya buɗe. Suka zubo kan dutse, suka gangaro cikin rairayi, kowanne yana wutsil-wutsil. Ko ɗaya ba a tauna ba.

Yaya ce ta zaburo da ludayi, ta durƙusa tana tsince su da jiƙaƙƙen yatsa tana sakawa a ruwa. Waɗanda rairayi ya lulluɓe, nan suka tsaya. Na tsaga cikin uwar don in sami abin da zan kare kaina da shi. Hanji a shafe, ko ƙwayar gara babu.

Tsohuwa ta ce, "Na ji kun yi shiru. Me ya faru?"

Yaya ta ce, "Ba komai, Inna. Miya ce ta samu."

Na dafa da ɗan gishiri. Yarinya ta ci, ta tsotse ƙaya, ta lashe ƙoƙo. Tsohuwa ta sha romo. Na miƙa wa Yaya kan kifin, ta girgiza kai. Ni ma ban ci ba.

Da la'asar ta zo bakin kwatanniya ta tsaya, ba ni take kallo ba, ruwan take kallo. Ta ce kada a sauya ruwan duka, koren nan da ke jikin kwatanniya shi ne nononsu. Ta ce a bar sabon ruwa ya sha rana kafin a ƙara, na rijiya da sanyi. Ta ce ko ƙwaron ruwa guda ya faɗa, zai gama da su, tunda mai ɓoye su babu. Ta koma jikin rumbu. Na so ta zage ni, ba ta zage ni ba.

Gari na wayewa na ɗaga faifai. Na tsame matattu da gashin kaza, na ƙirga masu motsi sau biyu: goma sha bakwai. Na je rijiya na jawo rabin tulu, na ajiye ƙwarya guda a rana. Na kwance ƙullin dusar da nake yi wa yarinya kunu da ita, na tsakura, na niƙa a kan dutsen nan har ta yi laushi. Sannan na ɗauko a tafin hannuna na je ƙofar ɗakin da Yaya take, na durƙusa.

Na ce, "Yaya, ina kwana. Kamar yaya ake zuba musu?"