Shekarar da Na Ɗauki 'Yar Fari

A gidanmu ba a ƙidaya shekaru da lamba, da abin da ya faru ake tuna su. Wadda zan ba da labarinta mutane suna kiranta shekarar da Minna ta zama hedkwatar jiha. Ni kuwa a wurina shekarar fari ce a komai. A cikinta na fara aikin albashi, masinja a sabuwar sakatariya, bayan na tashi da allo da ajami kaɗai. A cikinta aka ja mana wutar lantarki har ɗaki. A cikinta kuma Allah Ya ba ni 'yar fari, aka raɗa mata sunan mahaifiyata.

Kowa ya san kunyar ɗan fari. Uba ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a, ba ya kiran sunansa. Tawa kunyar ta ninku, tunda sunan na uwata ne. Mahaifiyata ce ke goyon yarinyar, ni sai dai in saci kallo in wuce.

Wata safiya mahaifiyata ta tafi Zungeru ta'aziyya, matata kuma zazzaɓi ya kwantar da ita. Kafin azahar jikin yarinyar ya ɗauki zafi, numfashinta ya fara sarƙewa. Na fita neman macen da za ta kai ta asibiti. Maƙwabciyarmu kaɗai na samu, wata dattijuwa Bagwariya, Kirista, ta dawo daga Garatu da doya a kafaɗa, ƙafarta ɗaure da tsumma saboda sartse. Ta leƙa ta taɓa goshin yarinyar. Na fara yi mata bayanin al'adarmu, ina inda-inda. Ba ta bari na gama ba.

"Malam, zazzaɓi bai san ɗan fari ba. Ɗauki 'yarka."

Ta naɗe ta a zani ta ɗora mini a ƙirji.

Hanyar asibiti ta bi ta ƙofar masallaci, kuma lokacin dattawa suna zaune suna jiran kiran salla, har da malamina da surukina. Na ja hula har gira, na yi sallama ciki-ciki. Wani tsohon tela, abokin wasan kakana, ya tambaye ni ko a sakatariya aka ƙara mini girma zuwa mai reno. Aka yi dariya. Surukina ya sunkuyar da kai yana jan casbi, kuma wannan ya fi dariyar yi mini nauyi. Na ji kamar in juya. Sai na ji zafin kumatunta ya ratsa rigata, na ci gaba da tafiya.

A asibiti layin mata ne zalla. Da na iso gaban nas, ta tambaye ni sunan yarinya. Na ce mata ai 'yar gidanmu ce. Ta ce ta gani, suna take tambaya. Na ce sunan tsohuwarmu gare ta.

"Baban yarinya, ni ban san tsohuwarku ba. In ba ka san sunan 'yarka ba, matsa in ga na bayanka."

Matan suka juyo suna kallona. Na dubi yarinyar, idonta a lumshe, leɓenta a bushe. Na yi istigfari a zuci, na faɗi sunan. Nas ta ce ba ta ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi, har na ƙarshen layi suka ji.

Aka yi mata allura. Da ikon Allah kafin mahaifiyata ta dawo yarinyar ta fara kama nono.

Labarin ya riga ni isa gida. Da tsohuwa ta dawo ta ji, sai ta ƙara mini nama a miya, ni kuma na daɗe ban iya haɗa ido da ita ba. Yarinyar yanzu tana da jikoki. Har gobe "Uwata" nake ce mata.