Ƙahon Karai Tacho

Ni Eulogia, a bakin ƙofar Majalisar Ƙasashen Kogi da ke nan Asunción nake sayar da chipa, gurasar rogon nan tamu, don haka kada wani ya ce zai ba ni labarin Anastasio Ozuna. Karai Tacho muke ce masa. Masinja ne, amma aikin da aka san shi da shi zagayen tereré, wato shayinmu na ganye mai sanyi. Da hantsi sai ya daka ganyaye a ɗan turminsa, ya cika filas da ruwan ƙanƙara, ya ɗauki kofinsa na ƙahon saniya mai bututun ƙarfe, ya bi ofis-ofis. Ya zuba ya miƙa, ka zuƙe ka mayar, ya zuba wa na damanka. Sanata da mai shara, bakinsu a bututu ɗaya. Albashin bai taka kara ya karya ba, inshorar lafiyar ce ta riƙe shi, da ita ake yi wa matarsa Ña Celsa wankin ƙoda.

To, sai rigima ta ɓarke. Shugabancin majalisar karɓa-karɓa ne tsakanin ƙasashen, amma da wa'adin Sanata Ferreira ya cika sai ya ce zaɓen Dokta Arrúa bai halatta ba, ya ƙi sauka. Ita kuma ta tsallako kogi da tawagarta ta kafa ofis a ƙasan ginin, shi yana bene. Shugaba biyu, magatakarda biyu, kwaɗo biyu a ƙofar zaure ɗaya! Ma'aikata suka dare, kowa ya kama ubangida. Mutanen da suka yi shekaru suna cin chipata tare suka koma ko gaisuwa babu.

Karai Tacho kuwa ko a jikinsa. Ya gama da bene ya sauko ƙasa da ƙahonsa.

Wata rana magatakardan Ferreira ya tare shi a gabana.

"Kai tsoho, daga yau ka daina shayar da waɗancan 'yan ƙwacen. Ko so kake mu riƙa shan yawunsu?"

"Ranka ya daɗe, ƙaho ba ya tsallake mutum. Haka na taso na gani a gidanmu."

"Gidanku ne ke biyanka?"

Da ya wuce na ja shi gefe. "Karai Tacho, don Allah ka kama ɓangare ɗaya, ko na ƙarya ne. Ka tuna da Ña Celsa."

Ya yi dariya. "Haba Eulogia, ke dai ki ji da kwandonki. Gobe za su shirya, kuma a lokacin za su tuna wanda bai raba su ba."

Sun kuwa shirya. Aka raba wa'adin biyu, aka raba kujeru, aka kira 'yan jarida. Wa aka nema ya zuba tereré na sulhu? Karai Tacho! Ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya miƙa wa Ferreira, ya miƙa wa Arrúa, ana ta tafi. Har ƙwalla ya yi, bawan Allah.

Sai dai sulhun ya zo da rage ma'aikata, don kowane ɓangare ya cusa danginsa lokacin rigimar, kuma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ferreira ya kare nasa, Arrúa ta kare nata. Da aka zo kan Tacho, na bene suka ce ai yaron na ƙasa ne, na ƙasa suka ce ɗan leƙen asirin bene ne. Babu bakin da ya buɗe dominsa, cikin duk bakunan da suka sha daga hannunsa. Allah wadai! Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Aka sallame shi, inshora ta tsaya. Suka koma bin layi a asibitin gwamnati, yau a samu inji, gobe a ce su dawo. Ña Celsa ba ta ga Kirsimeti ba.

Ranar Lahadin da ta wuce na kai masa chipa gida. Muka zauna a gindin mangwaro, ya zuba ya miƙo mini, na zuƙe na mayar. Ya sake cikawa, ya juya dama ya miƙa wa kujerar Ña Celsa. Hannunsa ya daɗe a miƙe.