Igiyar Kawu Idi da Raƙumin Sama

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Kawu Idi, kuma kafin in ce komai a kansa gara in fara da laifina. Kwana goma da binne shi na kwance ƙullin igiyarsa, na yi wa Mama shanya da ita.

Kawu Idi yayan Mamana ne, mutumin Damagaram, kafinta. Yana da shago a Al Quoz, unguwar masana'antu ta wannan birnin Larabawa da muke zaune, inda ake harhaɗa akwatunan katako na kayan da ake ɗora wa jirgin sama. Ba irin akwatin da kuka sani ba. Akwati ne da za a zuba gidanmu na unguwar Karama a ciki, da mu, da maƙwabta, har a ga sauran fili. Babana ke riƙe masa ofis, kuma bizarmu duka a kan shagon take. In ya rufe sai mu tattara, har da ni da aka haifa a nan, wanda sau biyu kawai na taka Kano, garin Babana.

Igiyar shuɗiya ce mai ƙulli biyu. Kawu ya ce na farko faɗin bakin Raƙumi ne, na biyu tsayinsa. Raƙumi shi ne sunan da ya raɗa wa manyan jiragen kaya, masu ɗaga hanci sama su wage baki, su durƙusa a loda musu kaya. Babbansu mai inji shida guda ɗaya ne a duniya. Sau ɗaya Kawu ya gan shi, ya ba ni labarin sau dubu tara. In kwastoma ya zo, sai ya ja igiyar a jikin akwati, ya ɗaure fuska, ya ce, yana haɗa Faransanci da Larabci, "Voilà, habibi. Zai shiga. Khalas, shi ke nan."

Ni dai igiya na gani ta cukurkuɗe cikin kayansa da aka kawo gida, na gyara ta. Da na ji Baba yana cigiyarta, na sauke wanki, na mayar da ƙullin inda raina ya ba ni. Aka kai ta shago aka rataye.

Lokacin suna kan aiki na ƙarshe da Kawu ya karɓo, akwatin wani ƙaton taransifoma da za a kai wani wurin haƙar ma'adinai a Afirka ta Yamma. Bayan 'yan watanni Baba ya dawo da la'asar, ya zauna ko takalmi bai cire ba, ya ce wa Mama, "Akwatin ya yi girma. Babu jirgin da zai ɗauka. In mai taransifoman nan ya janye, shago ya mutu."

Mako uku na yi ina ramewa, don na ɗauka ƙullina ne ya ɓata awon. Ni da nake cinye shinkafar gida har ƙanzo, sai ga ni ina barin nama a faranti. Mama ta fara zancen asibiti. Ran Asabar na bi Baba shago, na sami Baba Yakubu, babban kafintansu mutumin Kafanchan, na faɗa masa komai ina kuka.

Ya dube ni. Ya ajiye guduma. Sai ya zauna a kan katako ya yi ta dariya har da tari.

"Nura, kai ne ka kai yaƙi Ukraine?"

Na ce a'a.

"To ba kai ba ne. Kawunka bai taɓa awo da igiya ba. Da tef yake yi, santimita santimita, ya rubuta, ya sa in sake aunawa. Igiya ta kwastoma ce, don su ji sun zo wurin gwani. Akwatinmu daidai yake. Raƙuman ne babu."

A ranar na san abin da manya suka daɗe da sani. An ragargaza mai inji shidan a filin jirginsa na Ukraine tun farkon yaƙin. Ƙannensa kuma, wasu takunkumi ya ɗaure su, waɗanda suka rage duniya ta yi musu layi, kuma mai ƙaramin shago a Al Quoz ba ya gaban layin. Sauran jiragen kaya ƙofarsu ta yi kaɗan. Taransifoma kuwa ba a yanka shi gida biyu.

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga yau. Jirage na kauce wa sararin wasu ƙasashe kamar mai gudun gidan surukai. Kwastoma ba ya tambayar ko zai shiga, sai dai ko akwai jirgi. Ina jin da ya yi kwana biyu yana zaman makokin Raƙumin nan, domin yana son sa kamar nasa. A kwana na uku da ya ce, "Yalla, maza, Yakubu, kawo tef." Bai iya zama ba.

Ban san shi da yawa ba, shekarata goma sha biyu ya rasu. Na ɗauka abin burgewarsa wasan da yake wa kwastoma ne. Yanzu na ga aikin yana can inda babu mai kallo, a awo na biyu. Har yau ba a yanka katako a shagon sai mutum biyu sun auna. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ya huta.

Taransifoman ta ruwa ya tafi, ya isa a makare, kuma kwastoman bai sake dawowa ba. Shago bai rufe ba, amma an ba da hayar rabinsa, kafintoci biyu suka koma gida. Yanzu akwatunan jirgin ruwa suka fi yi. An sabunta wa Baba biza, muna nan Karama.