Ranar da Baba Ya Zauna a Kan Tsani

Shekarun baya can, lokacin ina leburanci a Riyad, ni ne masanin yaƙi na ɗakinmu a unguwar Manfuha. Duk Juma'a bayan mun ci shinkafa sai in kunna musu bidiyon yaƙin duniya na farko a waya, ina bayani kamar da ni aka yi: ga ramukan Jamus, ga na Faransa da Ingila, ga waya mai ƙaya a tsakani, sojoji su yi wata da watanni cikin laka. Ni da ko taya ce ta fashe sai na nemi wajen ɓuya.

A ɗakin akwai wani dattijo ɗan Damagaram, Baba muke kiransa. Ba shi da yawan magana. Rannan ina cikin zuba sai ya ce, "Kakana ya shiga ramin nan." Faransawa ne suka ɗebe shi yana saurayi. Ya dawo babu yatsun ƙafa biyu saboda sanyi, ya ƙare rayuwarsa yana haƙar rijiya, Baba na riƙe masa igiya. "Ya ce harsashi bai ba shi tsoro kamar ƙasa ba. In ta sha ruwa, bangon rami rufto maka yake. Shi ya sa suke tokare shi da katako da saƙar itace kamar zana." Gaskiya na ji haushi, don daga ranar Baba ake tambaya, ba ni ba.

Wata shekara aka yi ruwan sama kwana biyu. Muna shimfiɗa bututu a wani rami da ya fi tsayin mutum, kuma ƙasar ciko ce. Da safe Baba ya zaga bakin ramin, ya ga tsaga, ya damƙi ƙasa ya murza. Sai ya janyo tsanin, shi kaɗai gare mu, ya kwantar ya zauna a kai.

Mudir, wato shugaban aikin, ya taho yana "Yalla, yalla!" Da yake na fi kowa Larabci, ni ne tafinta. Baba ya ce, "Yaro, gaya masa ba mai shiga sai an kawo katako."

Na ce, "Haba Baba, iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, saura wata biyu fa. In ya kai ƙararka wajen kafil, uban gidan da ya kawo mu, gida za ka."

"Gaya masa."

Tsoro ya kama ni. Na juya na ce wa mudir dattijon ba shi da lafiya ne, a yi masa haƙuri. Ashe Baba ya ji. Ya dube ni, kallon da har yau ban manta ba, ya miƙe da guntun Larabcinsa ya ce, "Mafi khashab, mafi shugul." Wato ba katako, ba aiki. Ya koma ya zauna. Mudir ya yi ta sababi, mu kuwa duk muka sunkuyar da kai.

Sai bayan azahar aka kawo katakon. Baba da kansa ya jera su a tsaye, ya gitta wasu ya tokare, yana cewa haka kakansa ya nuna masa. Washegari mu huɗu muna ciki sai muka ji ƙara, bangon ya zame ya danno. Katakon ya lanƙwashe har yana kuka, amma ya riƙe. Masanin yaƙi ne ya fara hayewa tsani, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ba a sabunta wa Baba iƙama ba. An ce ya tsufa, amma kowa ya san dalili.

Na raka shi kasuwar Batha ya sayi tsaraba, dabino da darduma da turare. A hanya na ce, "Baba, ka yafe ni. Na ci amanarka rannan." Ya yi dariya ya ce, "Kai ma kana da masu jiranka a gida, na sani." Sannan ya ce, "A yaƙin nan su tara ƙasa ta rufe, kakana kaɗai aka tono da rai, har ya mutu yana lissafa sunayensu. Ni nawa huɗu ne, kuma duk kun fito. Wallahi ban yi asara ba."

Na daɗe da dawowa gida, lambarsa ma ta daina shiga. Ina kewar ɗakin nan da zafinsa da musun da muke yi, amma shi na fi kewa. 'Ya'yana uku duk bayan ranar aka haife su, kuma ba wanda ya taɓa ganin Baba a cikinsu.