Ramar da Ba Ta da Tsami

Duk wanda ya ci kasuwar Waca a zamanin Nasara ya san Kulu mai kwaɗon rama, mutuniyar Kwaya. Mace ce mai baki, ba ta raga wa kowa, kuma takan yi cika-baki cewa ko an rufe mata ido ta san rama. Ɗanta ɗaya ne, Illo, shi ma Faransawa suka ɗauke shi soja, suka kai shi yaƙi. Duk shekarun da ya yi a can ba ta taɓa fashin kasuwa ba, don nan ake jin labarin masu dawowa.

Ya dawo da ƙafafunsa, amma maganarsa ta ragu, ko taɓarya ta faɗi sai ya zabura yana neman maɓoya. Tsarabarsa wani iri ne ƙulle a ƙyalle, ya ce mata ramar Maroko ce. Da murna ta shuka a bayan rumbu. Ganyen ya fito da yatsu kamar na rama, sai dai ta tauna ba ta ji tsami ba. Duk da haka ta kwaɗa shi da ƙuli, kada a ce ta raina tsarabar ɗanta. Ranar ita da maƙwabciyarta Falmata suka ci, suka wuni suna yi wa akuya dariya.

Wani falke daga Daura ne ya gaya mata sunan abin wiwi, shansa ake yi kamar taba. Sannan ta gane abin da Illo ke shanyawa a kan rufin ɗaki. In ya sha, zaburar takan sake shi, ya ci tuwo har da ƙari. Amma damina biyu hauyarsa na jingine, ana yi masa magana yana kallon wani wuri. Abin ya ci mata rai ƙwarai.

Wata safiya ta ɗauki fartanya ta nufi bayan rumbu, ta tarar da shi tsugune a wurin. Bai hana ta ba.

"Inna, in kin sare, fagen yaƙin nan zan koma."

"To in na bari, kana ina yanzu?"

Ta sare duka, ta bar gindi ɗaya. Har ta tsufa ita ke ba gindin nan ruwa da hannunta, tana zubawa tana tsine masa. Kwaɗo kam ta ci gaba da kaiwa Waca, amma ba a ƙara jin ta ce ta san rama ba.