Seu Valdemiro da Allon da Ba Ya Manne wa Ruwa

Kullum da hantsi, bayan ya sha gahawa da wainar rogo, Seu Valdemiro yakan ja kujera zuwa bakin teku ya zauna kallon masu wasan fiffike, waɗanda ke tsayawa a kan dogon allo iska tana tura su a kan ruwa. Ba ruwansa da fiffiken da suke riƙewa su tari iska, ko ƙaramin da ke ƙarƙashin ruwa mai ɗaga allo sama. Idonsa na kan cikin allon, daidai lokacin da zai rabu da ruwa. In ya ga abin da zai gani, sai ya koma rumfarsa ya kama sassaƙa. Shekara talatin yana ƙera wa masunta kwale-kwale kafin ya koma allo.

Wannan watan zai rufe rumfar, ƙurar sassaƙa ta lalata masa ƙirji. Har yau ba wanda ya miƙe a gaban jama'a ya ce masa sannu, kuma abin yana ci mini rai.

A tambayi Jandira, mai koyar da wasan a nan gaɓarmu ta Ceará. Da damina iska takan yi rauni, ɗalibanta su yi ta jijjiga fiffike har hannu ya mutu, allo ya ƙi tashi. Ɗaya bayan ɗaya suka gudu. Ta gama shirin rufe makarantar ta tafi birnin Fortaleza gyaran ɗakunan otal, sai Seu Valdemiro ya tare ta.

"'Yata, laifin ba na iska ba ne. Wannan guntun allon naki mai faɗi kamar faranti, ture ruwa yake yi. Ta ina zai sami gudu?"

"Seu Valdemiro, irinsa fa zakaru suke hawa."

"Zakaru suna da iska mai ƙarfi da ƙuruciya. Ɗalibanki me suke da shi? Tumbi."

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana ƙera mata sabon allo. Ya yi shi dogo siriri don ya tsaga ruwa ya tara gudu, ya zaftare gefunan ƙasa don ruwa ya sake shi da wuri, ya ɗage wutsiyar kada ta ja baya in hanci ya ɗaga. Ranar da Jandira ta sauko da shi, masu shagunan hayar allo suka fashe da dariya.

"Jandira, gawar wa za a kai a wannan akwatin?" in ji ɗaya.

Iskar ranar ko hula ba za ta cire wa mutum ba. Ta hau, allon ya zame, ta ja fiffike sau uku, sai ga ta sama da ruwa. Su kuwa nasu allunan na jingine a inuwa. Makarantarta tana nan har gobe.

To, ga abin haushin. Wani mai masana'anta ya zo daga birni da murmushi, ya ci kifi a gidan tsohon, ya auna allon ciki da baya, ya ɗauki hotuna. Da shekara ta zagayo sai ga shi a shaguna, an rangaɗa masa sunan wani ɗan wasa da bai taɓa riƙe zarto ba. Waɗanda suka kira shi akwatin gawa su ne suka fara sayar da shi. A bikin gasar bara an karrama mutum tara, har da mai sa kiɗa. Seu Valdemiro yana bayan igiyar 'yan kallo a tsaye, yana tari.

Seu Valdemiro, kai ne ka san ruwa yana riƙe abu, ka kuma san yadda ake lallashinsa ya saki. Kai ne mai fara tambayar mutum nauyinsa da lafiyar gwiwarsa kafin ka taɓa zarto. Gwanin gwanaye, mun gode, kuma ka yafe mana shirun da muka yi.

Masu tasowa, ku koyi zama ku kalli ruwa kamar yadda ya yi. Ku kuma da kuke tashi sama a kan aikin hannunsa, rumfar ba za a rufe ta ba sai Asabar. Ku je ku gaishe shi tun yana iya amsawa.